Ƙofar da Ta Hana Ɓarawo Shiga, Kada Ta Hana Iyali Fita

Wannan kira ne ga mutanen Birniwa da Diginsa da Kazura da Karanka da Kupsa, da sauran 'yan uwa na ƙasar Haɗejiya da wannan murya ke iskewa.

Hunturu ya kankama. An gama girbi, kara da harawa sun cika gidaje, kan kowace rumfa akwai tari, iska kuma ta busar da komai ƙayau. Da dare sanyi kan sa a ja kasko cikin ɗaki a turo ƙyaure. Lokacin gobara ke nan a ƙasarmu, kowa ya sani, kuma kowace shekara ana jan kunne a kula da garwashi, a raba yara da ashana, a cire hita daga soket kafin a kwanta ko da ba wutar lantarki, don ana iya kawo ta tsakar dare. Duk wannan daidai ne. Sharhinmu na yau zai ɗauko maganar daga inda aka saba ajiye ta. Mu ɗauka wutar ta riga ta tashi, ƙarfe 2 na dare, kowa na barci. Ta ina mutanen gidan nan za su fita, kuma cikin minti nawa?

Ku dubi yadda gidajenmu suke. Katanga ta kewaye, hanyar shiga da fita guda ce tak, ta zaure. Haka muka gada, kuma da dalilinsa: sutura ce ga iyali, baƙo ya tsaya a zaure ya yi sallama. A da katangar zana ce ko darni, ƙofar ɗaki kuwa asabari ne ko tufaniya, in an ji daɗi ƙyauren katako. Irin wannan gida yana saurin kamawa, babu musu. Amma mutum kan banke zana da kafaɗa ya fice ta ko'ina, maƙwabta su ma su keta su shigo su ɗauko yara. Yau gini ya koma na bulo da siminti, ƙyaure na ƙarfe, taga kuma an gitta mata sandunan ƙarfe an binne su cikin bango. Ban ga laifin kowa ba. Wanda aka taɓa shiga gidansa aka ɗauke masa babur, ko buhunan riɗin da ya yi damina guda yana wahala a kansu, ba za ka hana shi ƙara sakata ba. Ka je rumfar mai walda ka saurara, abin da za ka ji mai gida na cewa shi ne, “Malam, ka yi mini wadda ko da gatari ba za a fasa ba.” Mai walda kuma ya yi masa yadda ya ce. Sai dai ƙofar da ɓarawo ya kasa fasawa da gatari, maƙwabcin da ya zo ceton 'ya'yanka ma ba zai iya fasa ta ba.

To me muke ajiyewa a wannan zaure, hanyarmu guda ta fita? Babur, da tankinsa cike da mai. A gefensa jarkar fetur, wani lokaci har da janareto. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 fetur ya zama dukiya, wanda ya samu sai ya adana, masu sayarwa a kwalba da galan kuma da yawansu a zaure ko a shagon da ke jikin gida suke kwana da hajarsu. Fetur ba sai wuta ta taɓa ruwansa yake kamawa ba. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana rarrafe, ya bi ta ƙarƙashin ƙyaure, ya je ya sami garwashi ko aci-bal-bal a inda suke. Mu mutanen Jigawa ba ma bukatar a yi mana dogon bayani kan fetur. Daren 15 ga Oktoban 2024 a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, tankar mai ta faɗi ta kama, mutum fiye da 150 suka rasu, asibitocin Ringim da Haɗejiya suka cika da waɗanda suka ƙone. Allah Ya jiƙansu. Wancan a fili ne, a bakin titi. Ku auna jarka guda a cikin zaure mai rufin kwano, iyali na bayansa, babu wata ƙofa. In zaure ya kama, gidan ya rufe ke nan.

Wanda ke da hali ya huda wa gidansa ƙaramar ƙofa ta baya, mai sakata daga ciki. Wanda ba shi da hali, ko bayan gidansa jikin na maƙwabci yake, to ya fitar da fetur daga zaure, ya nema masa wani wuri nesa da ɗakunan kwana da madafa, ya kuma jingine tsani a cikin gida inda kowa ya san yana nan.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini rai, wato kulle mutane ta waje. Uwa za ta leƙa gidan biki ko barka da dare, yara sun yi barci, sai ta ja ƙyaure ta datse kwaɗo, ta ɗaure makulli a bakin zane, a ranta tana cewa yanzu za ta dawo. Mai gida zai yi sammakon kasuwar Kupsa, ko zai fita sallar asuba, sai ya kulle gidan ta waje don kada a tashi kowa ya rufe. Ana kulle tsoho mai ruɗewa don kada ya fita ya ɓata, ana kulle mai taɓin hankali. Duk cikinsu babu mai mugun nufi, kariya suke nema wa nasu. Amma ina roƙonku, iyayena mata da 'yan uwana maza, ku daina. Maganin sauron da aka kunna a gefen katifa, ko kyandir, ko batirin da aka bari yana caji, ba su san cewa yanzu za ki dawo ba. Katifar soso in ta kama, hayaƙinta baƙi ne mai guba, cikin 'yan mintuna yake cika ɗaki, yaro ba ya ma kaiwa ga yin kuka mai ƙarfi. In dole ne ki fita, ki kai yaran ɗakin abokiyar zamanki ko gidan maƙwabta, ko ki bar su da babba a farke.

Mun ga abin da kulle ta waje ke yi a mafi munin kamanninsa. A watan Mayun 2024, a Larabar Abasawa ta ƙaramar hukumar Gezawa a Kano, wani ya watsa fetur a masallaci ana sallar asuba, ya cinna wuta ya kulle ƙofa, mutum fiye da 20 suka rasa rayukansu. Wancan ta'asa ce da gangan, ba na haɗa ta da uwar da ta kulle 'ya'yanta don tsaro. Abin da nake so ku riƙe shi ne, masallacin cike yake da manya majiya ƙarfi, a farke, amma sai da mutanen waje suka fasa ƙofar. Ina ga yara 3 masu barci?

Kullewa ta ciki ma akwai magana. Da yawa sukan zura sakata, sannan su rataya mata kwaɗo, makullin ya tafi aljihun rigar mai gida da ke rataye a ƙusa, ko ƙarƙashin matashi. A cikin hayaƙi ba a gani. Ido na hawaye, maƙogwaro na ƙuna, hannu na rawa, ga yara na ihu. A nan ne za ka laluba aljihu, ka zaɓo makulli guda daga cikin 7, ka nemo ramin kwaɗo? Sakata mai ƙarfi ta ciki ta ishi ɓarawo, domin ba ya ganinta balle ya zare ta. In kuwa ranka bai kwanta ba sai da kwaɗo, to makullin ya kwana a wuri guda kullum, a ƙusa kusa da ƙofar, daidai inda hannun yaro zai kai, kowa a gidan ya san wurin har ya iya ɗaukowa ido rufe.

Sai kula da ƙofar kanta, wanda kusan ba mai yi. Ƙofa tana tsufa. Damina ta zo katako ya sha ruwa ya kumbura. A garuruwan fadama irin su Guri da Kiri Kasamma da Auyo, inda ruwa ke kwanciya a gindin gini, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022, bango kan zauna, bakin ƙofa ya karkace, ƙyaure ya riƙa jan ƙasa. A tudu irin namu na Birniwa kuwa yashi ne ke taruwa a dokin ƙofa, ƙurar hunturu ta shige cikin kwaɗo, gara ta cinye katakon da ke riƙe da ƙyauren. Na san wani gida da in za a buɗe ɗakin uwargida sai an sa ƙafa an ɗaga ƙyauren daga ƙasa, a danna shi da kafaɗa, sannan a sami dutse a ƙwanƙwasa sakatar har ta zare. Dutsen ma yana nan a ajiye a bayan ƙofa, ya yi sumul don amfani. Mutanen gidan sun saba, ba sa ma ganin abin a matsayin matsala. Mai gida ya san dabarar, uwargida ta sani. Yarinya 'yar shekara 8 da ke kwana a ɗakin ba ta da ƙarfin ɗaga wannan ƙyaure, kakarta ma haka.

Gyaran irin wannan bai kai kuɗin cefanen kwana 2 ba. Kafinta ya fere inda katako ya kumbura, mai walda ya miƙe sakatar da ta lanƙwashe ya ɗaga ƙyauren da ya sauka, a kwashe yashin bakin ƙofa, a ɗiga man keken ɗinki a sakata da inda ƙyaure ke juyawa. Kwaɗon da sai an yi ta jijjiga makulli kafin ya buɗe, a jefar da shi. Gwajin kuwa guda ne: ka kira mafi ƙanƙantar yaron da ya yi wayo a gidan, da mafi tsufan mutum, ka kashe fitila, ka ce su buɗe. In sun buɗe da hannu ɗaya ba tare da taimako ba, ƙofarka lafiya take. In sun kasa, gobe ka nemo mai gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Taga ma haka. Masu walda sun iya yin sandunan taga da ke buɗewa kamar ƙaramin ƙyaure, da sakata daga ciki inda hannun na waje ba ya kaiwa. Ko taga guda ce a kowane ɗakin kwana aka yi wa haka, ɗakin ya sami hanya ta 2. A nan ina kira ga masu walda na Birniwa da Haɗejiya da Malam Madori: ku ne kuka san aikin, mai gida bai sani ba. In ya zo ya ce a toshe ko'ina, ku ce masa, “Alhaji, bari mu bar maka guda mai buɗewa ta ciki, saboda yara.” Da wuya ya ƙi.

Zuwa nan ina ta magana kan ƙofar da ta ƙi buɗewa. Akwai kuma ƙofar da ta ƙi rufewa, ita ma tana kisa, kuma wannan ne ɓangaren da mutane ba su cika sani ba. Yawancin waɗanda ke mutuwa a gobara ba harshen wuta ne ke kashe su ba, hayaƙi ne. Ranar 9 ga Janairun 2022, a unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka, na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki ta haddasa gobara a wani gida cikin bene mai hawa 19. Lokacin sanyi ne, kamar namu yanzu. Mutanen gidan suka gudu, ƙofarsu wadda ya kamata ta rufe kanta ta tsaya a buɗe saboda ta lalace, wata ƙofar matakala a can sama ita ma a buɗe. Wutar ba ta yi nisa daga inda ta tashi ba, amma hayaƙi ya bi matakala ya cika benen. Mutum 17 suka rasu, 8 daga cikinsu yara, kuma akasarinsu Musulmi ne 'yan asalin Gambiya, 'yan uwanmu na Afirka ta Yamma da suka je neman abinci. Hayaƙi ne ya kashe su duka. Da ƙofa guda ta rufu, da labarin ya sha bamban.

A manyan gine-gine na ƙasashen waje akwai ƙofofi na musamman da ake ƙerawa don wannan aiki. Ƙyaurensu mai kauri ne, an gwada shi ya jure wuta minti 30 ko 60, a gefunansa akwai wani siririn abu da ke kumbura in ya ji zafi ya toshe kafar hayaƙi, a samansa kuma akwai ƙarfen da ke mayar da shi ya rufe da kansa. Amma ko su sai da kulawa. A gobarar benen Grenfell da ke Landan, ranar 14 ga Yunin 2017, inda mutum 72 suka mutu, bincike ya gano cewa ƙarfen rufe ƙofa ya lalace ko babu shi sam a gidaje da dama, kuma da aka gwada irin ƙofar da aka ce tana jure minti 30, a kusan minti 15 ta gaza. Bayan haka Ingila ta yi doka, wadda ta fara aiki a Janairun 2023, cewa a dogayen gidajen zama a riƙa duba ƙofofin matakala da baranda duk wata 3, ƙofar kowane gida kuma sau ɗaya a shekara.

Mu ba mu da bene mai hawa 19, kuma ba na cewa talakan Kazura ya sayi ƙofar Ingila. Amma darasin ya shafe mu kai tsaye. In wuta ta tashi a ɗaki, kowa ya fito, aka tabbatar ba a bar kowa ba, to a ja ƙyauren a rufe, kada a kulle. Wuta da iska take rayuwa, iskar hunturu kuwa in ta sami ƙofa a buɗe, nan da nan za ta kai harshen wuta kan rumfar harawa, daga nan sai gidan maƙwabci. Kuma gine-ginen da ake yi yanzu a Haɗejiya da Dutse, gidajen haya masu hawa, otal-otal, ɗakunan kwanan ɗalibai da na majinyata, waɗannan ya kamata hukumar da ke ba da izinin gini da 'yan kwana-kwana su tsaya a kan cewa matakalarsu na da ƙofa mai tare hayaƙi, kuma ba a tokare ta da dutse ko bokiti ba don a sha iska.

Wani zai ce, to Malam, ka ce rufaffiyar ƙofa na tare hayaƙi, ashe in na rufe ɗakina ruf da kasko a ciki na yi daidai? A'a. Garwashi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. A rufaffen ɗaki takan sa ciwon kai da kasala, barci ya yi nauyi, daga nan ba a farkawa. Hayaƙin janareto ma ita yake ɗauke da ita, shi ya sa ba a kunna shi a ɗaki ko a zaure. A ɗumama ɗaki tun da sauran hira, ƙofa a ɗan buɗe, in za a kwanta a fitar da kaskon a kashe shi da ruwa ko a binne shi da yashi. Wannan ba sabon ilimi ba ne a wurin Musulmi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da labari ya kai ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, sai ya yi umarni da a riƙa kashe wuta in za a yi barci. Malamanmu sun san hadisin, ina fata limamai za su riƙa tuna mana shi a huɗubobin wannan wata.

Ba zan rufe ba sai na yi magana kan tsangayu da makarantun kwana, don a nan ne rayuka da yawa ke kwana bayan ƙofa guda. A Fabrairun 2025, a Kauran Namoda ta jihar Zamfara, almajirai 17 suka rasu a gobarar dare. A Nuwamban 2015, 'yan mata 7 suka rasu a gobarar ɗakin kwana ta makarantar sakandaren 'yan mata da ke Jogana a Kano. A Nuwamban 2021, a Maradi, azuzuwan zana suka kama da rana tsaka, yara fiye da 20 suka mutu. Allah Ya gafarta malam, ɗakin da yara 30 ko 40 ke kwana a cikinsa, ga tarin karan da suka ɗebo don hasken karatu a jingine a bakin ƙofa, wannan amana ce mai nauyi. Irin wannan ɗaki yana bukatar ƙofa 2, a bango daban-daban, kuma su riƙa buɗewa zuwa waje. Dalili kuwa, in yara suka firgita suka yo kan ƙofa gaba ɗaya, ƙyauren da ke buɗewa ciki ba zai buɗu ba, nauyin jikinsu ne zai danne shi. A matsar da kara nesa da ɗakin kwana. Gardi guda ya kwana a bakin kowace ƙofa. Kada a kulle yara ta waje don tsoron kada su fita yawon dare. Tarbiyya na da wasu hanyoyi, kwaɗo ba ya cikinsu. Masu hannu da shuni da ke neman inda za su yi sadaka, ga wuri: kuɗin huda ƙofa ta 2 a ɗakin almajirai bai kai na ragon suna ba.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya game da agaji. Kafin motar 'yan kwana-kwana ta taso daga babban gari ta iso wani ƙauye a ƙasar Birniwa, ta ratsa yashi, an riga an gama abin da za a gama. Masu ceto na farko su ne maƙwabta, da bokiti da yashi da hannunsu. Don haka ina ba masu unguwanni da dagatai shawara, kowace unguwa ta tanadi ƙarfen ɓanɓare ƙofa da babbar guduma da almakashin yanke kwaɗo, a ajiye a gidan mai unguwa ko wurin ladan, kowa ya san inda suke. Majalisar ƙaramar hukuma da hakimai kuma su sa a zaga tsangayu da makarantun kwana tun yanzu, kafin sanyi ya kai tsakiyarsa, a ƙirga ƙofofi, a gwada kowace sakata.

In kuwa, Allah Ya kiyaye, ka farka ka ji hayaƙi, ka sauka ƙasa ka rarrafa, domin hayaƙi sama yake tashi, iska mai kyau na ƙasa. Ka taɓa ƙyaure da bayan hannu kafin ka buɗe. In ya yi zafi, wuta na bayansa, ka nemi taga, ka toshe ƙasan ƙofar da jiƙaƙƙen zane, ka yi ta kururuwa. In kun fito, ku taru wuri guda a ƙirga yara da sunayensu, don sau da yawa uba kan koma cikin wuta neman ɗan da tuni maƙwabciya ta ɗauke shi. Kada kowa ya koma don kuɗi ko takardu ko kayan ɗaki.

A nan za mu dakata a sharhinmu na yau. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.